Rufin da ban duba ba

Duk mai sana'ar haɗa sola ya san zuwan farko da muke yi wurin mai son aiki, wanda muke ce wa ganin wuri. Mu ƙirga fankoki da ƙwayayen wuta, mu tambaya firij nawa ne, akwai famfon burtsatse ko babu, mu duba ɗakin da za a ajiye batir da inbata, sannan mu fito tsakar gida mu ɗaga kai mu ga ɓangaren rufin da ya fi samun rana. Daga nan sai lissafi, sai ciniki. Na daɗe ina irin wannan zuwan, kuma duk tambayoyin da nake yi a cikinsa na wuta ne da na kuɗi: nawa za a sha, nawa za a kashe, nawa zai rage mini. Babu ko ɗaya da ta shafi mutanen da zan tura su hau rufin. Wannan sakacin shi ya karya wa wani yaro da aka ba ni amanarsa ƙashin cinya, kuma har yau yana ɗingishi. Don abokan sana'a na rubuta wannan, da kuma masu gidaje da shaguna da suke kiranmu.

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kunna janareta ya gagari mutane da yawa, suka juyo ga sola. Sai kuma watan Oktoba na 2024, lokacin da aka lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda a cikin duhu. Bayan wannan duhun waya ba ta hutawa a hannun mai sola. Wanda jiya yake gyaran fanka ko ɗaura dish, yau ya shigo sana'ar, kuma ban ga laifinsa ba, kowa abinci yake nema. Amma da muka yi yawa sai kuɗin aiki ya faɗi. Mai gida zai kira mutum uku, ya karɓi takardar farashin kowa, ya ba wanda ya fi sauƙi. A cikin wannan rububin na samu aikin da nake magana a kai.

Sito ne na wani ɗan kasuwa a bayan garin Kano, inda yake ajiye hatsi, da ɗan ofis a gefe. Yana son fanel 20 masu wat 550, don ofis da kyamarori da fitilun tsaro da famfon ruwa. Rufin kwano ne, tsayinsa daga ƙasa zai kai mita 5. Ranar ganin wuri a ofis na zauna, aka kawo mini ruwa, muka yi lissafin kaya. Na fito na leƙa rufin daga harabar wurin, na ga faɗinsa ya isa, babu bishiyar da za ta yi masa inuwa, na gamsu. Ƙofar siton a kulle take, mai riƙe da makulli ya fita, ni kuma ina da wani wurin da ake jirana. Ban jira shi ba. Ban hau rufin ba, ban kuma shiga na dube shi ta ƙasa ba.

Da na shiga, da ko ban nemi komai ba sai idona ya gani. A tsakanin kwanukan rufin akwai na roba masu shigo da haske, irin waɗanda ake sa wa sito don kada a kunna fitila da rana. Daga ciki ba sa ɓuya, su ne kaɗai wuraren da haske ke zubowa. Daga sama kuwa, a tsakiyar hunturu, ƙura ta rufe komai da launi ɗaya, tudu da kwarin robar iri ɗaya ne da na kwanon, ba ka raba wannan da wancan. Robar kuma in ta sha rana shekara da shekaru takan bushe ta yi gautsi, ba ta ɗaukar nauyin mutum.

Kuskure na biyu a wajen ciniki na yi shi, kuma shi ne ya fi damuna, domin na farko gaggawa ce, wannan kuwa da saninsa na yi. A takardar da na fara rubutawa na sa kuɗin hayar ƙarafan da magina ke haɗawa su hau, na kuma raba aikin gida biyu don kada a yi shi a guje. Alhaji mai siton ya duba ya ce, “Injiniya, akwai wanda ya yi mini ƙasa da haka fa.” Na ce, “Ranka ya daɗe, bari in sake dubawa.” Kuɗin fanel ba ya taɓuwa, haka na batir da inbata, farashinsu a kasuwa kowa ya sani. Waya in ka rage kaurinta aikin ne zai nuna. Abin da ya rage a yanka shi ne wanda mai gida ba ya gani bayan an gama: abin hawa, da katakon takawa, da ƙarin hannu, da ƙarin lokaci. Su na soke. Na mayar da aikin na yini guda, da tsani ɗaya. Alhaji bai ce in soke su ba, bai ma san abin da na cire ba, sabon farashi kawai ya gani ya amince. Faɗuwar da ta zo daga baya, a wannan zaman na shirya ta da hannuna.

Ranar aiki muka iso da sassafe, hazo ya rufe gari. Tsanin da muka zo da shi da ƙyar ya taɓo bakin rufin, sai mutum ya kai matakin ƙarshe sannan ya ja ciki ya haye. Yara biyu suka hau, suka tuɓe silifas saboda santsin ƙura, na uku yana ƙasa yana ɗaure fanel da igiya suna ja. Ni ina cikin ofis ina kafa inbata, don a ganina nan ne aikin gwaninta yake, na sama kuwa aikin ƙarfi ne kawai. Can sai ƙaramin cikinsu ya ɗaga murya ya ce, “Oga, kwanon nan fa yana lotsawa.” Na leƙo ta taga na ce, “Ku bi layin ƙusa, ba abin da zai faru.” Bai sake magana ba.

Fanel mai wat 550 tsawonsa ya haura mita 2, faɗinsa ya ɗara mita 1, nauyinsa wajen kilo 27. Mutum biyu ke ɗaukarsa, ɗaya yana tafiya gaba, ɗaya da baya. Mai tafiya da baya ba ya ganin inda ƙafarsa za ta sauka, balle ya bi wani layin ƙusa. Ƙaramin nan, wanda aka ba ni amanarsa, shi ne yake da baya. Ya taka robar, ta fashe, ya shige. Faɗuwar mita 5 ba ta wuce daƙiƙa guda, kuma mutum yana isa ƙasa da gudun kusan kilomita 36 a awa, kamar a wurgo shi daga kan babur mai gudu. Babu lokacin kama wani abu. Allah ya sa ya fara sauka kan buhunan masara sannan ya gangaro kan siminti. Abokin nasa ma saura ƙiris fanel ɗin ya ja shi cikin ramin.

Abin da muka yi bayan nan shi ma abin kunya ne. Siton a kulle yake, sai da aka yi ta neman makulli muna jin nishinsa ta cikin ƙofa. Da aka buɗe, muka cicciɓe shi, wani ya kama hannuwa wani ƙafafu, muka cusa shi a Adaidaita Sahu. A asibiti likitan da ya karɓe shi ya tambayi yadda muka ɗauko shi, na gaya masa. Ya ce mini in da ƙashin bayansa ko na wuyansa ya taɓu, da irin wannan ɗaukar kaɗai ta isa ta shanye masa ƙafafu har abada. Wanda ya faɗo daga sama ba a lanƙwasa shi, a kan abu shimfiɗaɗɗe mai ƙarfi ake ɗora shi, kai da wuya da baya a miƙe, in ma ba dole ba a bar shi har masu agaji su zo. Ban san wannan ba, alhali ina tura mutane sama kusan kullum. Cinya ta karye, wuyan hannu ma ya tsage. Aka yi masa aiki aka sa ƙarfe.

Da na koma kwashe kayan aiki, dattijon da ke gadin wurin ya tare ni ya yi mini jaje, sannan ya ce, “Ɗana, ai da ka tambaye ni. Da damina wani ya zo toshe yoyo, ƙafarsa ta huda irin wannan robar ta can gefe, Allah ya tsare bai faɗo ba.” A gabansa na wuce ranar ganin wuri, na gaishe shi na shige ofis. Labarin da zai hana wannan abu yana bakin ƙofa, kyauta, ban nema ba, saboda a lissafina mai kuɗi ake tambaya, ba maigadi ba.

Mahaifin yaron manomi ne, shi da kansa ya kawo mini shi shago ya ce ga amana, a koya masa abin da zai riƙe kansa. Na je na durƙusa gabansa na gaya masa komai, har maganar abin da na soke a takarda. Ya yi shiru, sannan ya ce, “Malam, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Mun yafe, Allah ya ba shi lafiya.” Na gode masa, kuma na yi imani da ƙaddara kamar yadda ya yi. Amma maganar nan a bakinsa haƙuri ce da girma, a bakina kuwa in na ɗauke ta za ta zama mafaka. Malamanmu sun sha karantar da mu cewa tawakkali yana zuwa ne bayan mutum ya ɗaure raƙuminsa. Ni ban ɗaure ba. Na ga abokan sana'a da yawa suna rufe irin wannan magana da “haka Allah ya so,” su biya kuɗin ɗori, washegari su tura wani yaron ya hau da tsanin jiya. Wannan ba imani ba ne, guje wa tambaya ce.

Maganar yaron ta “kwanon nan yana lotsawa” ita ta fi tsaya mini. Ya ji hatsarin a tafin ƙafarsa, ya faɗa sau ɗaya, na kashe maganar, ya yi shiru. Me kuma zai yi? An raine shi a kan kada ya yi jayayya da na gaba, ubansa ya ce ya yi mini biyayya, yana kuma tsoron abokansa su ce rago ne. Yaron shago ba zai taɓa ce wa maigidansa “ba zan hau ba.” Tarbiyya ce mai kyau a wurare da yawa, amma a kan rufi ma'anarta ita ce duk nauyin yana wuyan oga, tun da wanda ke sama ba shi da bakin ƙi. In ban ba shi wannan bakin da kaina ba, a gaban kowa, babu mai ba shi.

Bayan abin ya lafa na yi abin da na zaci shi ne gyara. Na je kasuwa na sayo ɗamarar tsaro, irin wadda ake sawa a kafaɗa da cinya, da igiyarta mai ƙugiya, da hulunan kwano. Na nuna wa wani tsohon abokina da yake aikin kula da lafiyar ma'aikata a wani kamfanin gine-gine, ina jiran yabo. Ya tambaye ni, “A ina za ka maƙala ƙugiyar?” Na ce a jikin katakon rufi, ko ƙarfen da muke ɗora fanel a kai. Ya girgiza kai. Ya ce a ƙa'idar Amurka, abin da za a maƙala wa mutum guda dole ya iya ɗaukar fiye da kilo 2,200, domin jikin da ke faɗuwa yana fizgar igiya da ƙarfin da ya ninka nauyinsa sau da yawa. Siririn katakon da gara ta ci ba zai riƙe ba, zai biyo mutum ne ƙasa. Ya kuma auna mini igiyar: ita kanta mita 2 ce, tana da sashen da ke warwarewa don rage fizga wanda zai iya ƙara kusan wasu mita 2, ga tsayin mutum, ga ɗan sararin da ake bari. Jimla sai an sami fiye da mita 6 a ƙarƙashin mutum kafin irin wannan igiya ta tare shi. Yawancin gidajen da muke hawa ba su kai haka ba, wato yaro zai bugi ƙasa da ɗamararsa a jiki, igiyar ba ta ko miƙe ba. A irin rufinmu, in ji shi, gajeriyar igiya ake so wadda za ta hana mutum isa bakin rufi tun farko, ba wadda za ta cafe shi bayan ya faɗa ba.

A wurinsa na fahimci cewa na fara daga ƙarshe. Kayan sawa a jiki su ne mataki na ƙarshe, ana zuwa gare su ne bayan an gama tunani. Tunanin kuwa shi ne abin da ake kira auna hatsari kafin aiki, kuma ba wani ɓoyayyen ilimi ba ne. Ka zagaya wurin da ƙafarka ka tambayi kanka me zai iya cutar da mutum a nan, wa zai cutar, cutar za ta kai ina, me zan yi tun yanzu don kada ta faru. Ka rubuta amsar, ka sake dubawa in wani abu ya canja. Hukumar da ke kula da lafiyar ma'aikata a Ingila tana da wata ƙa'ida da na riƙe tun daga ranar: a ɗauki kowane rufi a matsayin mai rauni har sai wanda ya san aiki ya tabbatar ba haka ba ne. Ni akasin haka nake yi, kowane rufi mai ƙarfi ne a wurina har sai ya fashe. Dokarsu ta aiki a sama, ta 2005, ta kuma jera abin daki-daki: in za a iya yin aikin ba tare da an hau ba, kada a hau, in dole ne a hau, a hana faɗuwa, in ba za a iya hanawa gaba ɗaya ba, a rage nisan faɗuwar da illarta.

Tambayar farkon nan, ko dole ne a hau, ban taɓa yi wa kaina ita ba. Siton Alhaji yana da fili a harabarsa da zai ɗauki rumfar ƙarfe a jera fanel a kai, motoci su sami inuwa, wankin ƙura ma ya zo da sauƙi. Kuma wankin nan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasarmu, domin bayan mun tafi, duk lokacin hunturu wani ne zai riƙa hawa da bokiti da tsumma, galibi yaron gida ko maigadi, wanda bai san komai game da rufin ba. Inda muka ajiye fanel yau, nan muka tura wani ya riƙa zuwa shekara ashirin.

Yanzu in na je ganin wuri, rufi nake fara dubawa, kuma ta ƙasa. In akwai silin sai an buɗe mini ƙofarsa na leƙa da tocila. Ina duba kaurin katako da tazarar da ke tsakaninsu, da ɓarnar gara, da inda yoyo ya ruɓar da itace, da tsatsa a bakin ƙusa. Fanel 20 sun haura kilo 500, ban da ƙarafa da mutanen da za su taka, kuma kafintan da ya yi rufin bai yi shi da wannan a ransa ba. Tsohon rufin asbestos ba na barin kowa ya taka shi kai tsaye, yana fashewa ba gargaɗi, ƙurarsa kuma in an huda tana cutar da huhu. Inda akwai roba mai haske, sai an rufe ta da katako mai ƙarfi an ɗaure kafin a fara komai. Ana shimfiɗa allunan takawa a kan layin katako, a kansu ake tafiya. Tsani sai ya zarce bakin rufi da mita guda don mutum ya sami abin riƙewa, a ɗaure shi sama, gindinsa kuma ya fita daga bango da kashi ɗaya cikin huɗu na tsayinsa. Ba mai hawa tsani da fanel a hannu. Ba mai tafiya da baya.

Sai wutar kanta, wadda da yawa daga cikinmu suka raina saboda ba ta NEPA ba ce. Fanel ɗaya yana ba da kusan bolt 50 in ba a jona masa komai ba. Ka jera 10 a layi ɗaya, kana da kusan bolt 500, fiye da ninki biyu na wutar soket ɗin gida, kuma ba ta da makunni. Muddin akwai hasken rana tana nan, ko ka kashe inbata, ko ka cire batir. Wutar gida tana juyawa gaba da baya, tana ratsa sifili sau 100 a kowace daƙiƙa, shi ya sa tartsatsinta kan mutu da kansa. Ta fanel miƙe take a hanya ɗaya, in ta yi tartsatsi tana iya ci gaba da ci har ta narkar da roba ta kama katako. Saboda haka ba a zare mahaɗin waya yana ɗauke da lodi, kuma mahaɗi na ƙarshe a layi shi ake bari sai an gama komai an auna da mita. A kan rufi ko ƙaramin jan wuta ya isa, ba sai ya kashe mutum ba, firgitar da zai yi ce za ta jefo shi.

Abin da ya fi ba ni tsoro a unguwanninmu shi ne babban layin wuta. Ƙa'ida ta ce a bar mita 5 da rabi kowane gefe na layin bolt 11,000 da na 33,000, amma kowa ya san gidaje da shaguna nawa aka gina a ƙarƙashinsu. Ƙarafan alminiyon da muke ɗora fanel a kai dogaye ne, yaro zai ɗaga ɗaya ya juya da shi bai duba sama ba, kuma irin wannan wutar ba sai an taɓa waya ba, in an matso sosai tsallakowa take yi. In na ga layi kusa da rufi, ko dai kamfanin rarraba wuta ya kashe shi a lokacin aikin, ko a canja wurin fanel, ko in bar aikin. Na bar wasu.

Yanayi kuma kowa ya san shi, sai dai ba ma sa shi a lissafi. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, kwano ya fi haka nesa, ga shi wani lokacin ana azumi, jiri kaɗan ya isa. Aikin sama da safe muke yinsa, rana na take mu sauko. Farkon damina in hadari ya haɗo ba ma jiran iska ta iso, domin fanel a hannu faɗinsa ya isa iska ta kwashe shi da mai riƙe da shi. Raɓar safiya a kan ƙura santsi ce.

Duk wannan a takarda guda nake rubuta shi, da Hausa, kafin in faɗi farashi. Kafin in faɗi farashi, domin a nan na faɗi wancan karon: in ka riga ka yi ciniki, duk abin da dubawa ta nuna daga aljihunka zai fita, kuma zuciya za ta yi ta ba ka dalilin da zai sa ka ƙyale. A ƙasan takardar akwai asibiti mafi kusa, da wanda ke riƙe da makullin kowace ƙofa, da motar da za a yi amfani da ita in wani abu ya faru. Da safe kafin a hau muna tsayawa mu karanta ta tare, in tambayi kowa abin da ya gani wanda ban gani ba, ƙarami nake fara tambaya don kada ya maimaita maganar manya. Ina kuma faɗa da bakina cewa duk wanda ya ce a tsaya, an tsaya, kuma ba za a rage masa ko sisi ba. Ni ma ina hawa. Inbata tana iya jira.

Akwai wani gefen da har yanzu ban gama gyarawa ba. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta tanadi cewa mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na albashinsu a asusun NSITF, don wanda ya ji rauni a bakin aiki ya sami magani da diyya. Yaranmu na shago ba su da albashi a rubuce, sallama ce ta yau da gobe, saboda haka ba sa cikin kowane lissafi. Na biya kuɗin asibiti har sai da na sayar da babur ɗina, kuma wajibina ne. Amma da ba ni da abin sayarwa fa? Da uban ne zai sayar da gona saboda kuskurena. Hukumar NEMSA tana ba masu haɗa wuta takardar shaidar ƙwarewa, yana da kyau kowa ya nema, sai dai takarda ba ta leƙa silin a madadinka. Ƙungiyoyinmu na masu sola su ya kamata su ɗauki maganar nan, su tsayar da abin da ba za a sauka ƙasa da shi ba, domin muddin mai soke abin hawa shi ke cin ciniki, mai sa shi zai ci gaba da rasa aiki.

Yaron ya warke, yana shagon har yanzu. Ba ya hawa sama, ya koma haɗa inbata da batir, kuma hannunsa ya fi nawa tsabta a wannan aikin. Yana da wuya ya daɗe a tsaye, sanyin hunturu kuma yana tayar masa da ciwon. Bai taɓa yi mini gori ba. Shi ne yake karanta wa sababbin yara takardar da safe.

Ku masu gidaje da shaguna, kuna da hannu a wannan fiye da yadda kuke zato. In mai sola ya ba ku farashi bai nemi ganin cikin rufinku ba, ku tambaye shi dalili. Ku gaya masa abin da kuka sani: inda yake yoyo, shekarun ginin, inda aka taɓa gyarawa, ku haɗa shi da maigadi ko duk wanda ya taɓa hawa. In takardu biyu suka zo muku ɗaya ta fi sauƙi, ku tambayi mai sauƙin da me yaransa za su hau, a kan me za su taka, me zai riƙe su. In kuma kuka ga an jingina tsanin da bai kai ba, yaro yana shirin hawa da fanel a ka, gidanku ne, ku ce a tsaya.